Katin Shaida, Hoton Fuska ko Banki: Wace Hanyar Tantance Shekaru Ce Ta Fi Kiyaye Sirrin Mutum a Intanet?

Tun daga ranar 25 ga Yuli, 2025, duk wanda ke Birtaniya ya nemi shiga shafin da doka ta keɓe wa manya, sai ya fara tabbatar da cewa ya cika shekara 18, kuma faɗar shekarun da baki ta daina wadatarwa. Dokar kare masu amfani da intanet ta 2023 ce ta tanadi haka, ta kuma bai wa Ofcom, hukumar da ke kula da harkokin sadarwa a ƙasar, ikon cin tarar kamfanin da ya saɓa har fam miliyan 18, ko kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarsa a duniya baki ɗaya idan hakan ya fi yawa. Ostireliya ta hana waɗanda ba su kai shekara 16 ba mallakar asusu a manyan dandalin sada zumunta daga ranar 10 ga Disamba, 2025. A Amurka kuwa jihar Louisiana ce ta buɗe fage a farkon 2023 da dokar tantance shekaru a shafukan batsa, sannan a watan Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan doka ta jihar Texas da rinjayen alƙalai 6 a kan 3. Saboda haka a yau mutane da yawa kan iske kansu gaban allon da ke ba su zaɓi uku ko huɗu, su danna wanda ya fi sauri, ba tare da sun lura cewa ciniki suke yi ba, cinikin da ake biya da bayanan kai maimakon kuɗi.

Kare yara daga abin da zai ɓata musu tarbiyya manufa ce mai kyau, kuma ba ita ce ake jayayya a kanta a nan ba. Abin da ya kamata mai zaɓi ya auna shi ne wanda zai san sunansa, da wanda zai san shafin da yake son shiga, da kuma tsawon lokacin da za a riƙe waɗannan bayanai. Idan sanin sunan yana hannun wani, sanin shafin kuma yana hannun wani dabam, haɗarin bai taka kara ya karya ba. Ranar da biyun suka haɗu a rumbu ɗaya, to an samar da kundin da ɓarawo zai iya sayarwa, ko ya tsorata mutum da shi don ya karɓi kuɗi. Koriya ta Kudu ta ɗanɗana wannan tun da wuri: a 2007 ta wajabta wa manyan shafuka su tantance ainihin sunan masu yin sharhi, a 2011 masu kutse suka kwashe bayanan mutum miliyan 35 daga shafukan Nate da Cyworld, a 2012 kuma Kotun Tsarin Mulki ta soke dokar. Batun suna ne a can, ba shekaru ba, amma darasin ɗaya ne.

Hanya ta farko ita ce ɗora hoton fasfo ko lasisin tuƙi ko katin ɗan ƙasa, sannan mutum ya ɗauki hoton fuskarsa a kwatanta da wanda ke jikin katin. Wajen daidaito babu wadda ta kai ta, domin ranar haihuwa a rubuce take. Sai dai farashinta ya fi na kowace tsada. Shafin yana neman amsar tambaya ɗaya ce tak, wato ko mutum ya kai shekarun ko bai kai ba, amma sai a miƙa cikakken suna da lambar kati da hoto, wani lokaci har da adireshin gida. Kalmar sirri idan ta fita ana sauya ta a cikin minti biyu, amma fuska da ranar haihuwa ba su da canji, su kam zarar bunu ne. A watan Oktoban 2025 kamfanin Discord, mai manhajar hira, ya sanar da cewa an yi kutse a wani kamfanin da ke kula masa da ƙorafe-ƙorafen jama'a, kuma mai yiwuwa hotunan katin shaida na kimanin mutum dubu 70 sun faɗa hannun masu kutsen. Abin lura a nan shi ne, katunan na mutanen da suka ɗaukaka ƙara ne game da shekarun da aka ƙiyasta musu, ke nan ɓarnar ta ƙofar baya ta shigo, ta sashen da ba kowa ke tunawa da shi ba. Akwai kuma batun adalci, tunda Bankin Duniya ya taɓa ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 850 a duniya ba su da wata takardar shaida ta hukuma. A ganina wannan hanya ta zama ta ƙarshe, wadda ba a bin ta sai an rasa madadi.

Ta biyu ita ce ƙiyasin shekaru ta fuska, inda mutum zai kalli kyamara na 'yan daƙiƙoƙi, manhaja ta duba kamanninsa ta yi hasashen shekarunsa. Kamfanin Yoti na Birtaniya na daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan fage, kuma Instagram ya fara aiki da shi tun 2022. Yana da muhimmanci a bambance ƙiyasin shekaru da gane fuska: na farko ba ya buƙatar sanin ko wane ne mutum, na biyu kuwa neman sunansa yake yi. Idan an yi aikin bisa gaskiya, ba a tambayar suna, kuma ana goge hoton da zarar an samu amsa. Mafi kyawun nau'in ma shi ne wanda lissafin ke gudana a cikin wayar mutum, hoton bai fita ko'ina ba. Matsalarta kuskure ne. Gwajin da cibiyar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta wallafa a 2024 ya nuna cewa a kan hotunan neman biza matsakaicin kuskuren ya sauko daga shekara 4.3 a 2014 zuwa 3.1, kuma daidaiton yana bambanta gwargwadon jinsi da yankin da aka haifi mutum da ingancin hoton. Shekara uku ba komai ba ce ga ɗan shekara 45, amma ga ɗan 19 ita ce ke raba buɗe ƙofa da rufe ta. Don haka kamfanoni kan ɗaga ma'aunin, su nemi mutum ya yi kama da ɗan 21 ko 25 kafin su bar shi ya wuce, wanda ya faɗi kuma a mayar da shi ga ɗora katin shaida. Wanda ya manyanta a fuska zai iya zaɓar wannan hanya da kwanciyar hankali matuƙar ya karanta alkawarin gogewa. Matashi mai ƙuruciyar fuska kuwa gara ya nemi wata tun farko.

Sauran hanyoyin sun dogara ne da wata hukuma ko kamfanin da ya riga ya san mutum. Katin bashi na banki yana aiki ne a ƙasashen da ba a ba da shi ga wanda bai kai shekara 18 ba, shi ya sa Ofcom ta karɓe shi, ta ƙi katunan biyan kuɗi waɗanda yara ma kan mallaka. Aibinsa shi ne yana iya barin sawu a bayanan asusu, kuma yaro na iya ɗaukar katin mahaifinsa. Tantancewa ta banki kai tsaye ta fi shi tsafta, domin mutum zai shiga manhajar bankinsa ya ba da izini, bankin ya aika da amsar e ko a'a kawai ta hannun mai shiga tsakani. Kamfanin sadarwa ma na iya yin haka da lambar waya, ko da yake layin da aka yi wa rajista da sunan uba amma yake hannun ɗa yana rushe amfanin. Ƙiyasi ta adireshin imel kuwa yana da sauƙi a ido, amma ma'anarsa ita ce wani kamfani zai binciki wuraren da aka taɓa amfani da adireshin, kamar banki ko kamfanin wutar lantarki, kuma sauƙin bai kai a lamunci wannan leƙen ba. Akwai kuma hanyar da ba mutum ke zaɓa ba, inda dandalin da kansa ke hasashen shekaru daga abin da ake kallo da abin da ake nema, kamar yadda YouTube ya fara yi a Amurka a watan Agustan 2025. Ba a karɓi kati ba, amma an sa wa ɗabi'ar mutum ido.

Hanyar da ta fi cancanta a nema, duk inda aka same ta, ita ce wadda Faransa ke kira ɓoye suna ta fuska biyu. Hukumar Arcom, mai kula da kafafen yaɗa labarai a Faransa, ta wajabta wa shafukan batsa su samar da aƙalla hanya ɗaya irin wannan a cikin zaɓin da suke bayarwa. Yadda take aiki shi ne, wanda ya tantance shekarun mutum zai ba shi wata shaida ta lantarki ba tare da ya san inda za a kai ta ba, shafin da ya karɓi shaidar kuma ba zai san ta wane ne ba, iyakarsa ya ga cewa sahihiya ce. A bayan wasu daga cikin waɗannan tsare-tsare akwai wata dabarar lissafi da masana uku, Goldwasser da Micali da Rackoff, suka gabatar a 1985, wadda ke bai wa mutum damar tabbatar da gaskiyar magana ba tare da ya bayyana komai ba face cewa gaskiya ce. Google ya sanar a 2025 cewa zai sanya wannan dabara a manhajarsa ta Google Wallet, Hukumar Tarayyar Turai kuma ta fitar da samfurin manhajar tantance shekaru a watan Yulin 2025, aka fara gwada ta da Denmark da Faransa da Girka da Italiya da Sifaniya. Ba a ce ba ta da rauni ba. Dole ne wani ya ga katin mutum sau ɗaya a farko, tana buƙatar waya ta zamani, kuma idan shaida ɗaya ce ake kaiwa shafuka daban-daban ba tare da ana sabunta ta ba, za a iya bin sawun mai ita. Duk da haka nuna kati sau ɗaya ga amintacce ya fi rarraba shi ga shafuka goma.

Kusa da wannan akwai tsarin da ke ɗora nauyin a kan na'ura ko rumbun sauke manhajoji, inda iyaye za su shigar da shekarun yaro sa'ad da suke saita masa waya, wayar kuma ta riƙa sanar da manhajoji rukunin shekarunsa ba tare da ranar haihuwa ba. Jihar Utah ta kafa dokar da ta shafi rumbunan manhajoji a watan Maris na 2025, California ma ta sa hannu a kan tata a watan Oktoba, wadda za ta fara aiki a 2027. Ga iyaye wannan ya fi dacewa da yadda gida yake, sai dai yana ƙara wa Apple da Google ƙarfi a kan wanda suke da shi, kuma ba ya magance wayar da 'yan gida ke karɓa-karɓa.

Ko wace hanya mutum ya zaɓa, ya dace ya duba sunan kamfanin da ke yin tantancewar, wanda sau da yawa ba shi ne mai shafin ba, ya kuma karanta abin da ya rubuta game da gogewa. "Nan take" ko "cikin kwana bakwai" alkawari ne da za a iya kama kamfani da shi, amma "gwargwadon buƙata" ba alkawari ba ne. Kada a taɓa aika hoton kati ta imel ko ta saƙo, kuma a tabbatar da adireshin shafin kafin a buɗe kyamara, domin 'yan damfara na iya kwaikwayon allon tantancewa cikin sauƙi. Mazauna Tarayyar Turai da Birtaniya suna da haƙƙin neman a goge bayanansu a ƙarƙashin dokar kare bayanai. Waɗanda ke komawa ga manhajar VPN don ɓoye ƙasar da suke, kamar yadda aka yi tururuwa a Birtaniya a makon da dokar ta fara aiki, su sani cewa duk zirga-zirgarsu ta hannun mai manhajar take bi, kuma wasu na kyauta da bayanan mutane suke mayar da kuɗinsu, ka ga an yi gudun gara an tad da zago.

Ga mai shafin da zai sayi wannan hidima daga wani kamfani, ma'aunin bai sauya ba, sai dai alhakin ya ƙaru. Ya nemi kamfanin da zai dawo masa da amsar e ko a'a kaɗai, domin bayanin da bai taɓa shiga rumbunsa ba babu mai sace shi daga can. Ya nemi ganin sakamakon gwajin da wata cibiya mai zaman kanta ta yi, musamman yadda kuskuren yake a tsakanin shekara 13 zuwa 25 da kuma a kan launukan fata daban-daban, ya sa wa'adin gogewa a cikin yarjejeniya a rubuce. Ya samar da zaɓi fiye da ɗaya, kamar yadda dokar Ostireliya ta hana dandali mayar da katin gwamnati hanya ɗaya tilo. Sannan kafin ya sa hannu ya tambayi inda katin wanda ya ɗaukaka ƙara yake zuwa, da wanda ke buɗe shi, da ranar da za a goge shi.