Faifai mai 3TB a kan Windows XP: direban GPT ko akwatin USB?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce yana da tsohuwar kwamfuta mai Windows XP da ba zai iya rabuwa da ita ba, domin manhajar injin da yake aiki da shi a shago a kanta kaɗai take tashi. Ya sayo faifan ajiya mai 3TB ya saka, sai ga shi tana nuna masa 746GB kawai. An ba shi shawara biyu: ya saka direban GPT (manhajar da ke sa XP ta gane GPT, sabon tsarin raba faifai), ko ya mayar da faifan cikin akwatin USB. Yana tambaya, wace ce ta fi?

Malam, da farko ka kwantar da hankalinka, ba jabu aka sayar maka ba. XP mai 32-bit tsarin MBR, wato tsohon tsarin raba faifai, kaɗai ta sani, shi kuma iyakar abin da yake iya ƙirgawa sekta (ƙananan guraben ajiya a kan faifai) biliyan 4.29 ne, kowace ɗauke da bait 512. Idan ka lissafa, wajen 2048GB ke nan. Faifanka 2794GB ne a lissafin Windows. Da ƙirgen ya cika sai ya koma farko, shi ya sa ragowar 746 take bayyana. Kada ka ajiye komai a kansa a wannan hali, domin rubutu na iya hawa kan wurin da bai dace ba.

Hanyar direba ita ce ka saka manhaja irin su Paragon GPT Loader, wadda take koya wa XP karanta GPT. Faifan yana nan a cikin kwamfuta a kan SATA (mahaɗin faifai na cikin kwamfuta), saurinsa bai ragu ba, kuma duk ranar da ka cire shi ka kai wa Windows 7 ko 10 za su karanta shi kai tsaye. Wannan babbar riba ce. Amma XP ba za ta taɓa tashi daga shi ba, ajiya kawai zai yi. Abin da ya fi damuna shi ne wannan manhaja ba ita kaɗai ke riƙe da faifan ba: idan direban SATA na madabod ɗinka (babban allon kwamfutar) tsoho ne mai ƙirgen 32-bit, kana iya aiki lafiya watanni, sai ranar da ajiya ta haura 2TB sabon rubutu ya faɗa kan farkon faifan ya lalata abin da ke can. Ba ya ba da sanarwa. Ga mai shago da aikin mutane ke hannunsa, wannan ba kasadar da za a ɗauka da wasa ba ce.

Hanyar akwatin USB dabara ce ta daban. Wasu akwatuna, musamman na Seagate da WD na farkon zamanin 3TB, suna nuna wa kwamfuta sekta mai bait 4096 maimakon 512. Adadin ƙirgen bai canja ba, girman kowace sekta ne ya ninka takwas, don haka MBR ya kai har 16TB, XP kuma ta gani ba tare da an saka mata komai ba. Sai dai ba kowane akwati ke yin haka ba, yawancin sababbi sun daina, kuma mai sayarwa ba lallai ya san bambancin ba, sai ka gwada. Sannan tsohuwar kwamfuta USB 2.0 gare ta, da ƙyar take wuce 35MB a daƙiƙa, cika faifan zai ci maka kusan kwana guda. Idan akwatin ya ƙone kuma, ka zaro faifan ka haɗa da SATA, Windows za ta nuna kamar babu komai a ciki, har ta nemi ka yi fomat, wato ka goge shi. Kada ka yarda. Bayananka suna nan, akwati irinsa suke jira.

Tsakanin biyun, na fi natsuwa da akwatin, domin matsalarsa ana ganinta tun ranar farko, ta direba kuwa a ɓoye take. Amma da ni ne, mayar da faifan zan yi a musanya mini da mai 2TB, wanda XP ke karantawa da kanta muddin tana da SP1, wato ƙunshin gyare-gyaren Microsoft na farko, zuwa sama (wadda ba ta da shi a 137GB take tsayawa, don haka ka tabbata SP3 ce a kai). Ka yanka rabon (partition) mai 2TB ɗin a kwamfuta mai Windows 7, saboda XP tana fara rabo daga sekta ta 63, wanda ke rage saurin sababbin faya-fayai. Idan musanya ba za ta yiwu ba, ka saka mai 3TB ɗin a sabuwar kwamfuta da GPT ya zama rumbun ajiya, ka bar wa XP aikin injin kaɗai. Kuma ka cire ta daga intanet, tun Afrilun 2014 Microsoft ta daina tura mata gyaran tsaro.