Ragar waya mai ido rabin inci: za ta tsare 'yar kyanwa a bakin taga?

Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40, ba mai iya kwana da taga a rufe, balle in an ɗauke wuta. A daidai lokacin ne masu ƙananan kyanwa a gidajen bene suke shiga uku. Ƙadangare ya gifta a bango, ko tattabara ta sauka a bakin taga, sai 'yar kyanwa ta zabura ta bi, ba ta duba abin da ke ƙasa.

Mutane da yawa sun sakankance da ƙarfen taga da ragar sauro. Duka biyun ba don kyanwa aka yi su ba. Tazarar ƙarfen takan kai inci 4 ko fiye, ita kuwa kyanwa ƙashin wuyanta bai haɗe da kafaɗa ba, shi ya sa duk inda kanta ya shige jikinta ma zai bi. Ragar sauro ta roba farce ɗaya ya ishe ta, musamman in rana ta gasa ta shekara biyu ta yi ƙamas. Wadda ke kan tagar alminiyam mai ja ta fi muni, domin igiyar roba ce kawai ta danne ta a cikin rami, da an jingina da ita sai ta zame.

Abin da muka duba shi ne ragar waya mai ido murabba'i na rabin inci, wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa aka kuma shafe ta da tutiya. Masu kayan gini a Babbar Kasuwa da sauran shagunan cikin gari suna sayar da ita a naɗe, faɗin ƙafa 3 ko 4, ana yanka wa mutum da yadi. Kada a bari a haɗa ku da wayar kaji mai ido kamar saƙar zuma. Ta fi araha, amma murɗa ta aka yi ba walda ba, tana buɗewa in an matsa, ƙafar 'yar kyanwa kuma tana iya maƙalewa a ciki.

Wajen ƙarfi ba mu da ta cewa. Farce ba ya keta ta, haƙori ba ya tsinka ta, iska tana shiga kamar babu komai. Sai dai kasuwa ta cika da iri biyu masu kama da juna. A lanƙwasa kusurwarta da yatsa tun a shago: mai kyau za ta yi gardama, marar kyau za ta kwanta kamar takarda, wani lokaci ma mahaɗar ta ɓalle. Ita wannan ta biyun damina ɗaya take fara tsatsa.

Inda aikin yake lalacewa ba a tsakiyar raga ba ne, a gefe ne. Kafinta ya buga ƙusa huɗu a kusurwa ya karɓi kuɗinsa, kwana kaɗan kyanwa ta tura kai ta ƙasa ta fice. Ga yadda ya kamata a yi. A auna tagar daga ciki, a haɗa firam da katako mai inci 2 kowane gefe, ko mai walda ya yi na ƙarfe. A yanka ragar da rarar inci 1 a kowane ɓangare, a naɗe bakin ciki don tsinin wayar kada ya soki ido ko tafin ƙafa. A kama ta duk bayan inci 4, sannan a bi da siririn katako a danne bakin gaba ɗaya. Firam ɗin a ɗaure shi da bango da sukuru, ba ƙusa ba, don ƙusa tana sassautawa a bulo. Duk ratar da yatsu biyu za su shiga a cike ta da siminti. Wayar ta kasance ta cikin ɗaki, ragar sauro ta koma waje, tunda idon rabin inci ba ya hana sauro. In an gama a sa tafin hannu a tura kowane gefe da ƙarfi.

Abu biyu da aka saba yi a nan a kiyaye su. Shafa wa katako baƙin mai don maganin gara: kyanwa za ta goga jiki ta lashe, ya cutar da ita, gwamma a yi firam ɗin ƙarfe. Sai kuma rataya gidan sauro mai magani a taga kafin a samu kuɗin waya. Ban da saurin yagewa, wasu da maganin ƙwari mai suna permethrin ake jiƙa su, shi kuma guba ne ga kyanwa.

Ragar wayar tana da nata aibin. 'Yar kyanwa za ta mai da ita tsani, ta hau har sama ta kasa sauka, don haka kada a bar tebur mai gilashi a ƙarƙashi. Da hunturu ƙura tana taruwa tsakanin ragar biyu, tsintsiya ba ta kaiwa. Maganin wannan shi ne, maimakon a ɗaure firam ɗin da bango ta kowane gefe, a sa masa hinji da sakata mai tauri tun farko, a riƙa buɗewa ana sharewa. Ga ɗakin ƙasa mai kallon tsakar gida ana iya haƙura ba a sa ragar wayar ba, amma a bene, ko tagar da ke kallon titi, kuɗinta bai tafi a banza ba.

Maganar wai kyanwa kullum da ƙafa take dira gaskiya ce rabi. Tana iya juya jiki a iska tun tana wajen mako 7, amma haɓarta takan bugi ƙasa, muƙamuƙi ya karye ko ganda ta tsage, ƙirji ya bugu ko da ba a ga jini ba. In ta faɗo, a ɗauke ta a kwali a kai ta asibitin dabbobi ko da ta miƙe tana tafiya. Kada a ba ta farasitamol, ɗan ɓantare kaɗan yana iya kashe ta.