Gyaran tsohon jirgin faiba a Tiga: jiki ya yi, fenti da saura

Masu gyaran jiragen ruwa na faiba (zaren gilashi da aka daskarar da ɗanko) da ke kusa da madatsar ruwan Tiga sun san aikinsu, musamman a allon baya inda ake rataya inji. Nan tsohon jirgi ke fara lalacewa: ruwa ya bi ramukan kusoshi, katakon ciki ya ruɓe. Ba sa shafe shi da sabon faiba su ce an gama. Sukan yanke fatar ciki, su ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon, su bar wurin ya bushe sarai, sannan su sa filawud mai jure ruwa, su bi da tabarmar faiba mai nauyin giram 450 a kowace murabba'in mita, hawa uku.

Maganin daskarar da resin, wato ɗankon da ake jiƙa tabarmar da shi, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 suke sawa, kuma da sassafe suke haɗawa, don a zafin Afrilu haɗin yakan daskare cikin kwano kafin a shafa.

Fentinsu ne ba shi da kyau. A fili suke fesawa, ƙurar hunturu na manne masa. Gara a jira iska ta kwanta.

Inji kuwa ba fanninsu ba ne. A kai wa makaniki ya canja robar famfon ruwa da man giyar injin.