Bakaniken Jega da ya hana ni sayen famfon tarakta

Taraktata Massey Ferguson 375 ce, ƙirar Pakistan. Hannu na biyu na saye ta a 2016, lokacin da kowa a Kebbi ya faɗa noman shinkafa bayan an ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a ƙarshen 2015. Ina aikin gonata da ita a fadamar Suru, ina kuma ba da ita haya. Injin Perkins da ke cikinta bai taɓa ba ni kunya ba. Bayanta ne ya so ya tona mini asiri a watan Disambar da ya wuce, daidai lokacin gyaran ƙasa na noman rani, mutane sun ba da kuɗin haro suna jira.

Da safe in an tashe ta, sai hannuwan baya su ƙi ɗaga haro. In sun ɗaga, da kyarma, ga wani kuka daga ƙarƙashin kujera kamar ana niƙa tsakuwa. Sai rana ta yi zafi take ɗan saki. Direbana ya ce famfo ne, wato famfon haidirolik da ke tura mai ya ɗaga hannuwan. Wani mai sayar da kayan gyara da na kira bai ko tambaye ni alamar ciwon ba, ya ce famfo ne, yana da shi, in turo kuɗi. Kuɗin da ya faɗa sai na sayar da buhunan shanshera masu yawa kafin in haɗa. Har na fara lissafin waɗanda zan fitar, wani maƙwabcin gona ya ce in fara kiran wani dattijon bakanike a Jega wanda ba ya taɓa komai sai tarakta.

Ya ce zai zo Talata, sai Alhamis na gan shi a kan babur da yaronsa da buhun sifanu. Abu ɗaya ya gindaya mini a waya: kada a tashe ta tun daren jiya, a bar ta a wuri mai daidai, haro a ƙasa.

Bai kalli famfo ba. Ya zagaya gefen dama, ya zaro gejin man giya, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya miƙo mini. Abin da na gani ba ruwan zuma ba ne irin na sabon mai. Fari-fari ne, mai kauri, kamar kunun gyaɗa.

"Alhaji, wa yac ce maka famfo na? Wanga ba mai ba na, kunu na."

Ya kwanta a ƙarƙashinta ya ɗan sassauta notin juye mai, bai cire duka ba. Ruwa ne ya fara zubowa, ruwa sosai, ya kusa cika gwangwanin madara biyu kafin mai ya biyo. Sannan ya ɗiga kaɗan daga man a cokali, ya kunna ashana a ƙarƙashi. Sai ga shi yana tatsatsa kamar an jefa ɗanyar albasa a man suya. Ya ce mai tsabta hayaƙi kawai zai yi.

A nan ne ya yi mini bayanin da shekara da shekaru ina da tarakta ban riƙe ba. A irin wannan Massey, giya da akselin baya da haidirolik duk mai ɗaya suke sha, a ciki ɗaya. Famfon yana zaune ne a can ƙasan cikin, nutse a cikin man. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya, wato daidai bakin famfo. In giya ta kaɗa su sai su haɗe su zama wannan kunun, ya toshe rariyar da ke tace mai kafin ya shiga famfo. Da sanyin hunturu kunun ya ƙara kauri, famfo ya ja ya rasa, shi ne kukan da nake ji da safe.

Ta ina ruwan ya shiga? Ya ɗaga robobin da ke gindin sandunan giya biyu, duk rana ta cinye su, sun tsage. Ita kuwa tarakta a fili ta yi damina. Ga direba da son wanke ta da bokiti a bakin gulbi, yana kwara ruwa ta sama. Wannan laifin nawa ne, rumfar kwano huɗu ta gagare ni.

Sai ya juya wajen direban: "Kai kuma, mi kunka zuba mata da ta rage?" Yaron ya sunkuyar da kai. Ashe man haidirolik na tifa yake sayowa na awo a bakin titi, wata rana ma baƙin mai. Dattijon ya ce man tifa ɗaga kaya kawai ya sani, ba a yi shi don haƙoran giya ba, balle birkin wannan tarakta da ke jiƙe a cikin man. Shi ya sa birkin ke gurnani in an taka a kwana. Ni da na ɗauka tsufa ne.

Ya sa aka tashe ta ta ɗan yi ɗumi, aka lallaɓa haro ya hau sama, ya kashe inji, ya zauna yana cin goro yana kallo. Haron bai sauko ba sai a hankali ƙwarai. Ya ce da robar silindar ɗagawa ta mutu, da yanzu yana ƙasa. Yaronsa ya so ya leƙa ƙarƙashin haron, ya daka masa tsawar da ni ma sai da na ja baya.

Aikin kansa bai da wani ado. Ya sauke haro, ya cire notunan juye mai duka biyu, na giya da na baya, don wasu ɗaya suke cirewa su bar rabin dattin. Akwai mayen ƙarfe a jikinsu. Ya nuna mini laushin garin ƙarfe da ya manne, ya ce wannan ba komai, gutsattsari ne abin tsoro, kuma babu. Ya buɗe murfi, ya wanke rariyar da kananzir, ya zura hannu ya kwashe laka. Ya sa sababbin robobin giya. Mai kuwa ya ce in sayo wanda aka rubuta UTTO a jikin jarkar, wato man tarakta da aka yi don giya da haidirolik da birki gaba ɗaya, a rufe da hatiminta, shi ba ya sayarwa. Wannan ya ƙara mini yarda da shi. Jarka biyu masu lita 20 na kawo, ta kusa shanye su. Yana zubawa da mazurari mai tsabta yana dakatawa, don man na ɗaukar lokaci kafin ya ratsa zuwa baya, mai gaggawa sai geji ya ruɗe shi ya cika fiye da kima.

Da aka tashe ta, haro ya tashi tsam, ba kyarma, ba kuka.

Inda ban ji daɗinsa ba, ban da saɓa rana: wayarsa sai ka kira sau biyar. Kuɗin aikinsa ya fi na yaran garejin kusa da mu, kuma ba a ciniki, har man babur sai da ya lissafa. Yaronsa ya bar tsohon man ya malala a ƙasa kusa da inda muke ɗaure awaki, ni na sa aka kwashe da yashi. Kuma bakinsa ba linzami, ya wanke direbana tas a gaban mutane, abin da zai iya yi a gefe.

Duk da haka shi zan sake kira, kuma na riga na tura mutum biyu wajensa. Wanda ke son a gama yau-yau, ko mai son a ce masa "an canja kaza" don ya ji ya biya kuɗin wani abu, ba za su shirya ba.

Ya bar mini aiki: duba geji kowace Asabar kafin a tashe ta, hannuwan baya a ƙasa, a goge bakin gejin kafin a zare don ƙurar hunturu. In ana neman inda tiyo ke yoyo a kara kwali, kada a shafa da hannu, mai mai ƙarfi na huda fata. A juye man duk shekara bayan damina. Bayan mako biyu na sassauta notin da kaina kamar yadda ya nuna mini, ruwa ya ɗigo kamar cokali uku, sai mai garau. Rumfar ma an kafa ginshiƙai, saura kwano.