Acrylic ko fentin ruwa: wanne za a shafa wa yadi kafin surfani?

Masu haɗa surfani da fenti a yadi ɗaya suna yawan tambayar wanne fenti ya fi: acrylic (fenti mai sinadarin roba) ko fentin ruwa (watercolour, na zane a takarda, ba na bango ba). Ko wanne ka zaɓa, fara wanke yadin audugar don sitacinsa ya fita, ka shafa fenti, ya bushe sarai, sannan allura ta shiga.

Acrylic yana da ƙarfin launi, kuma in ya bushe ruwa ba ya ɗaga shi. Matsalarsa tauri. In an lafta shi da kauri, yadin yana ƙandarewa, allura ta riƙa shiga da ƙyar, zare ya riƙa tsinkewa, kuma duk hudar da aka yi bisa kuskure ba ta rufewa. Maganinsa a gauraya shi da ruwan laushi na fentin yadi (fabric medium, wanda ke hana fenti tauri a yadi), gwargwadon abin da kwalbar ta ce, a shafa siriri-siriri, a bar shi awa 24, sannan a goge da dutsen guga ta bayan yadin na minti 3 zuwa 5 ba tare da tururi ba. Wannan ƙarin kuɗi ne da ƙarin lokaci.

Fentin ruwa ya fi araha, kuma yadi yana nan da laushinsa. Sai dai yana malala ya tsallake layin zane, musamman a jiƙaƙƙen yadi, don haka a gwada a ƙyalle tukuna. Wanki yana zubar da shi, ɗigon ruwa ma yana iya ɓata farin zare.

Mai yin riga, jaka ko rigar filo da za a riƙa wankewa, acrylic ne nasa. Mai aikin da za a rataye a bango cikin gilashi, nesa da rana, fentin ruwa ya ishe shi.