Yawon buɗe ido zuwa lambun Monet a Giverny: wurin ya yi, lokacin ne ya yi kaɗan

Na biya wani kamfani da ke kwasar 'yan yawon buɗe ido daga Paris zuwa Giverny, ƙauyen da mai zane Claude Monet ya zauna tun 1883 har ya mutu a 1926. Motar tsaf, ga sanyin AC, direba ba ya garaje, matar da ta yi mana jagora kuma ta san aikinta sosai. Ita ta ba mu labarin yadda Monet ya sayi fili a tsallaken layin dogo a 1893, ya jawo ruwa daga wani reshen kogin Epte ya haƙa tafkinsa, har mutanen ƙauyen suka tayar da hankali wai baƙin tsirransa za su gurɓata ruwan da dabbobinsu ke sha.

Ta wata 'yar hanya a ƙarƙashin titi ake shiga ɓangaren ruwan, kana fitowa sai ga gora, ga koriyar gadar nan irin ta Japan, ga bado ya baje a kan ruwa, fari da ja-ja da rawaya. Na tsaya bakin tafkin ina kallon wani ganyen bado da ɗigon ruwa a kansa kamar dutsen ado, can gajimare ya gifta sai ruwan ya rikiɗe daga kore zuwa toka-toka, rana ta dawo ya sake wani launin, duk cikin minti biyar wallahi, a nan na gane abin da ya sa mutum zai zana tafki ɗaya kusan sau 250 bai gaji ba. Hasken da ke sauka kan ruwan Monet yake bi, shi kuwa hasken ba ya tsayawa.

To a nan matsalar take. Ban gama nutsuwa ba aka fara ɗaga mana hannu a zo a shiga gida a ga ɗakin cin abinci mai ruwan ɗorawa da kicin shuɗi, suna da kyau ba ƙarya, amma ni tafkin ya kawo ni, raina ya sosu gaskiya. Ga cunkoso a kan gada, kowa da wayarsa a sama.

In za ka je, hau jirgin ƙasa daga tashar Saint-Lazare zuwa Vernon ka ƙarasa da kanka da sassafe, a watan Yuli ko Agusta lokacin da bado ke fure, don da hunturu a rufe wurin yake. Washegari ka wuce gidan tarihi na Orangerie a Paris, manyan zanuka 8 da Monet ya ba Faransa kyauta suna can a ɗakuna biyu masu siffar ƙwai tun 1927, ya yi aikinsu yana fama da yanar ido. Na zauna a bencin tsakiya har kusan awa guda babu mai cewa in tashi.