Hattara da masu tallan "injin hana daskarewar jini"

Jama'ar Sakkwato, musamman masu jinyar wanda aka sauya wa gwiwa: akwai 'yan damfara da ke bin majinyata ta WhatsApp da bakin ƙofar asibiti, suna sayar da injin tausa mai karkarwa da ɗumi da sunan na'urar hana gudan jini a ƙafa. Wasu ma sai an tura rabin kuɗi, daga nan lambar ta daina shiga.

Ta gaskiyar ba ta karkarwa, ba ta ɗumi. Riga ce mai aljihunan iska da ake ɗaurawa a sha-raɓa, da tiyo zuwa ƙaramin famfo. Iska na cika aljihunan bi da bi daga idon sawu zuwa sama, matsin kusan 40 mmHg (ma'aunin da ake auna hawan jini da shi), na 'yan daƙiƙu, sannan ta saki kamar minti guda jijiya ta sake cika. Wannan matsa-saki ne ke tura jini zuwa zuciya yayin da mara lafiya ke kwance. Ana so ta kwana ta wuni a ƙafa, wajen awa 18 a rana, shi ya sa da halin wutarmu dole a tambayi batir. Wanda ya ce minti 20 safe da yamma ya isa, bai san abin da yake sayarwa ba.

Safar matse ƙafa da ake sa wa don hana gudan jini ma haka. Ta asibiti sai an auna kaurin idon sawu da na sha-raɓa. Matsinta 18 mmHg a ƙasa, yana raguwa zuwa sama. Safar "kowa da kowa" nannaɗewa take ƙarƙashin gwiwa ta zama ɗauri, ta tare jinin da ake so ya wuce. Mai toshewar jijiyoyin jini, ko gyambo, ko mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji, kada ya sa ko ɗaya sai likita ya duba.

Mafi muni shi ne cewar da suke a ajiye allurar enoxaparin ko ƙwayar rivaroxaban, wato magungunan hana gudan jini, tunda an sayi inji. Likitan da ya yi aikin ne kaɗai ke tsayar da magani, kuma yawanci ba ya gaza kwana 10 zuwa 14. Ku nemi lambar NAFDAC a kwali, ku kai wa likitan kayan ya gani kafin ku biya ko kwabo.

Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi tana ciwo, kada a murza, kada a gasa, kada a sa mata kowane inji, don gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. A kai mara lafiyan asibiti ranar. In numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji na suka, ko tari da jini, a wuce sashen gaggawa na UDUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo) ko asibiti mafi kusa nan take, ko da tsakar dare ne.